Motar da Surukina Ya Jira

Ni ba mutumin mota ba ne tun asali, gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Daga Sabon Gida na fito, aikin likita ya zaunar da ni Madawa, allura da wankin gyambo da sauraron kukan jarirai. Abin hawana wata tsohuwar mobilet ce, irin ƙaramin babur ɗin nan, mai baƙin taurin kai, wadda ba ta tashi sai na tura ta na haɗa gumi na zage ta tas. Ita ce ta kai ni garejin mutumin da daga baya ya zama surukina.

Garejin yana ƙarshen gari, ta wajen hanyar Buza. Rumfar kara ce da bishiyar bedi guda, sai wani rami da ake shiga a duba cikin mota. Bayansa kuwa fako ne shimfiɗe, jar tsakuwa iya ganinka, ko akuya ba ta samun abin tsinka a kai sai da damina. Mai garejin mutumin Deule ne, ɗan manoma, ya ajiye hauya tun yana saurayi ya bi manyan motoci. Ya yi shekaru yana jan kamyo da albasa zuwa bakin teku, har bayansa ya fara ƙorafi, sannan ya dawo ya zauna gyara. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. In aka kawo masa mota ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin wani dogon ƙarfe a kan injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma ta bayan danga. In ya ɗago sai ya faɗi ciwon, kuma da wuya ya kuskure.

Bayan la'asar ake zaman shayi a ƙarƙashin bedin. Akwai direbobi masu wucewa, akwai ni, akwai kuma wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da muke ce wa Mushe, yadda ake kiran malamai da Faransanci, siriri mai tabarau, wanda ko keke bai mallaka ba amma ya san sunan kowace mota da aka taɓa ƙerawa a duniya. A farko ni da Baba ba mu da shamaki. Muna cin tuwo kwano ɗaya, ina yi masa gardama, yana ce mini mai allura ba ya sanin komai sai gindin mutane. Sai na je na auri ƴarsa ta fari. Daga ranar da aka ɗaura, shi ke nan, kunya ta shiga tsakaninmu ta zauna daram. In na zo sai in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi idona a ƙasa, in koma can baya in zauna kan wani mataccen inji. Ban ƙara cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban ƙara kallon fuskarsa ba. In ina da magana sai in faɗa wa Mushe, in shi ma yana da amsa sai ya ba Mushe, alhali tsakanina da shi bai wuce taku uku ba. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai daga baya.

Maganar motar ta shigo ne cikin takardar ƙunshi. Wajen farkon shekarun tamanin aka aiko wa Baba wasu ƴan kayan gyara daga Maraɗi, a naɗe cikin shafin wata mujallar Faransanci, rabinsa ya sha baƙin mai. Har zai jefa shi murhun shayi, Mushe ya yi wuf ya fizge. Hoton wata mota ce gajera, mai ƙofa biyu, hancinta dogo, bayanta a zube. Mushe ya gyara tabarau ya shiga karantawa yana juya mana da Hausa. Ba ta fito ba tukuna, in ji takardar, ana nan ana shirya ta. Ba ta da nauyi, injinta ƙarami ne amma mai zafi, kuma an yi ta ne don matasa masu albashi, ba don attajirai kaɗai ba. Da ya zo wani layi sai Baba ya ɗaga hannu.

"Mushe, maimaita wurin nan. Da baya ta ka turawa?"

"Da baya, Baba. Inji gaba, ƙarfi ga ƙafafun baya."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ashe da sauran masu hankali cikin masu ƙera mota."

Sai ka san haushin da yake ji a lokacin kafin ka gane daɗin da ya ji. Ƙananan motocin da aka fara shigowa da su a shekarun nan duk da ƙafafun gaba suke ja, shi kuwa ya tsane su tsana mai tsanani. Ya ce ƙafafun gaba aikinsu su zaɓi hanya, na baya su tura, ba a ɗora wa mutum ɗaya aiki biyu. Ya ce mota mai ja da gaba, bayanta biye yake banza kamar buhun da aka rataya wa jaki. Amma mai turawa da baya, in ka shiga kwana a kan tsakuwa ka taka mata wuta, sai gindinta ya zame gefe, kai kuma ka tare shi da hannu a kan bolan, wato sitiyari, ka mayar da ita hanya. Nan ake sanin direba, in ji shi, sauran duk masu riƙon ƙarfe ne.

Aka manna shafin a jikin ginshiƙin rumfa da ƙusa, kuma tun daga ranar ba mu da wata hira. Kowa da abin da yake jira daga motar nan. Mushe gudu yake so, ya lissafa mana cewa za ta kai Ƙonni kafin shayi na biyu ya nuna, kuma ya rantse zai saye ta ko da zai shekara yana cin garin rogo. Wani direban kamyo ya ce shirme ne, mota mai ƙofa biyu ina za ka sa uwar ƴaƴa, ina za ka sa rago ranar Salla? Wani ya auna tsayin cikinta daga ƙasa da taƙin hannu bisa abin da Mushe ya karanta, ya ce wannan ko Allakaye ba za ta kai ba duwatsu za su farke ta. Ni ma, da ban san komai ba, na tsinci kaina ina gardama a kan girman tayoyinta, ina faɗa wa Mushe da ƙarfi don Baba ya ji.

Shi Baba bai taɓa cewa zai saya ba. Ya san aljihunsa. Abin da ya ce shi ne, "Duk motar da ta taka titin gudron nan, wata rana sai ta kwanta garejina. Kuma wanda ya gyara shi ka gwadawa. Ranar nan za ni riƙa bolan nata, ko sau guda, in ji ko gaskiya sunka faɗi." Al'adar garejinmu ke nan, in an gama gyara mai mota yakan miƙa wa makanike makulli ya zagaya da ita ya ji ko ta warke. Ba wanda ke hana wannan, hana shi zagi ne. A kan wannan ƴar al'adar Baba ya jingina duk burinsa.

To, a cikin wannan jiran ne na fara lura da idonsa.

Ba fuskarsa na kalla ba, na ce ba na kallo. Hannunsa da ƙafarsa nake gani daga inda nake zaune. Na ga yana laluben kofin shayi da aka ajiye a gefensa. Na ga ya bugi ginshiƙin rumfa da kafaɗa, rumfar da shi ya kafa ta da hannunsa. In aka yi masa sallama daga gefe sai ya juyo da kai gaba ɗaya kafin ya gane mai magana. Na san ciwon nan. Ba ya zafi, ba ya sa ido ja, daga gefe yake cin gani a hankali, kamar ana tsuke bakin jaka, har ya rufe. Kuma na san in aka kama shi da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da shi, ko bai mayar da abin da ya tafi ba. Abin da ake bukata kawai a kalli cikin idon da fitila, a tura shi wurin masu aikin ido. Fitilar tana cikin aljihun rigata kullum. Na duba idon mutanen Madawa ba iyaka, na tsofaffi da na jarirai, har na wani mahaukaci da sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Amma in kama haɓar surukina in buɗe masa ido in leƙa? Wallahi ko a mafarki hannuna bai ɗagu ba.

Sai na bi ta hanyar da muka saba, wato ta bakin wasu. Na fara da matata. Ta zaro ido ta ce, "Ni in dubi Baba in ce mashi shina makancewa? Kai ma ka san ba ta yiwuwa." Ta gaya wa uwarta, uwarta ta jira ranar da ya ci ya ƙoshi ta gaya masa, amsar ta biyo hanyar da ta bi ta dawo mini bayan kwana tara. Ya ce idonsa lafiya lau. Ya kuma ƙara da wata magana wadda ita ce gaskiyar abin. Ya ce duk direbobin hanyar nan sun san shi, in aka gan shi zaune a layin masu ciwon ido da safe, kafin azahar labari ya kai Tawa, kuma ba mai sake miƙa masa makullin mota har abada. A bari motar nan ta zo tukuna, in ya gwada ta sai ya je duk inda ake so.

Na so in fasa ihu. Mota ce fa da ba wanda ya taɓa gani sai a takarda mai baƙin mai!

Sai na haɗa baki da Mushe. Wata la'asar ya cire shafin daga ƙusa, ya yi kamar yana sake karantawa, ya ce af, ashe akwai wani layi nan ƙasa, an ce saboda gudun motar duk wanda zai tuƙa ta sai likita ya duba masa ido tukuna. Baba ya kurɓi shayinsa. Can ya ce, "Mushe, takardag ga shekara biyu ina jin ta, na hardace ta awa Fatiha. Wanga layi yaushe ya tsiro?" Direbobi suka bushe da dariya. Mushe ya mayar da shafin jikin ƙusa, ni kuma na dubi yatsun ƙafata.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda dukanmu muka taya shi ɓoyewa. Ba wanda ya shirya, haka kawai ya faru. Mai zuba shayi ya koma sa masa kofi a cikin hannu. Direbobi suka koma yin sallama tun daga nesa suna faɗin ko su wane ne, wai raha. Ni da kaina nakan zo da sassafe kafin in wuce aiki in kwashe ƙarafan da ke kan hanyarsa. Shi kuwa aikinsa bai ragu ba ko kaɗan, kunnensa da yatsunsa suna nan, yana kwance kabireta ya mayar ba tare da ya sunkuya ba. Gwajin mota ne kawai ya daina, sai ya ce bayansa ke ciwo, mai mota ya zagaya da kansa. Muna ganin mutunci muke kiyaye masa. Shekarar fari da yunwa ta zo ta wuce, motocin da ke bin gudron duk na hatsin taimako ne, ba wanda ke zancen ƙofa biyu sai mu. Damina ta dawo. Ni dai ina nan kan mataccen injina da fitila a aljihu, ina cewa gobe.

Ranar da motar ta zo ina wurin aiki, wajen azahar, sai ga Mushe ya bar ƴan lakwal ya shigo yana haki, tabarau a karkace. Bai ko gaishe ni ba.

"Ta zo! Wallahi ta zo, tana garejin Baba!"

Na ɗauke shi a bayan mobilet muka tafi. Ga ta nan kuwa a kan rami, ta fi hoton ƙanƙanta, ta kuma fi shi kyau. Mai ita wani saurayi ne ɗan masu fataucin albasa, ya taho da ita daga bakin teku zai je Keita ganin gida. Duwatsun hanyar Buza suka cire mata bututun hayaƙi, kamar yadda mai auna taƙi ya faɗa, ya juyo yana jan sa da waya. Mushe ya kai shafin kusa da ita yana dubawa yana kabbara. Baba kuwa yana cikin rami. Na leƙa na ga hannunsa yana bin dogon ƙarfen nan da ya taso daga inji ya bi ta ƙarƙashin ciki har zuwa ƙafafun baya. Yana shafa shi a hankali, daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake. Ba abin da ya lalace a wurin, so kawai yake ya tabbatar.

Ya ɗaure bututun kafin la'asar. Muka yi salla. Ya sa aka tayar, ya saurara, ya gyaɗa kai. Sai saurayin nan, yaron kirki mai ladabi, baƙo da bai san komai ba, ya ciro makulli ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Baba, a gwada mana ita."

Mushe ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Kowa ya san Baba ba ya ganin abin da ya wuce haske da inuwa, kuma kowa ya san shekara nawa ya yi yana jiran wannan makullin. Na ga hannunsa ya miƙa, ya ɗan kuskure, saurayin ya sa masa a tafi. Bai ce bayansa na ciwo ba. Ya tsaya riƙe da makullin, bai matsa ba, don bai san ta inda zai fitar da ita ba.

Abu biyu ne a gabana. Ko in buɗe baki in tona shi gaban baƙo da direbobi, ko in bar shi ya kashe kansa da motar mutane. Sai na ji bakina ya yi wani abu na uku. Na miƙe na ce da ƙarfi, "Mushe, ni fa ban taɓa shiga irin wagga mota ba. Ka roƙar mani Baba in raka shi."

Baba ya juya makullin a tafinsa. Sannan ya ce, "Mushe, ce mashi shi shigo."

Mushe ya gane nan take. Ya haye mobilet ɗina, ita kuma don ikon Allah ta tashi bugu ɗaya, ya yi fako yana korar awaki. Direbobi suka ja saurayin suka zaunar da shi bayansa ga fili, suka cika shi da shayi da tambayar labarin bakin teku. Ba daidai muka yi masa ba, na sani, motarsa ce, kuma da wani abu ya faru ban san da bakin da zan yi masa bayani ba.

Cikin motar matsattse ne, kujeru biyu manne da juna. Kafaɗata tana gugar ta surukina, mutumin da na yi shekaru ban zauna tabarma ɗaya da shi ba. Gumi ya jiƙa mini riga. Ya shafa bolan, ya shafa sandar giya, ya gwada kowane abin takawa da ƙafa, ya murza makulli. Sannan ya yi magana, ba da Mushe ba, da ni.

"Ina jin ka."

"Baya kaɗan, Baba," na ce. "Tsaya. Yanzu hagu. Ƙara. Miƙe haka, bedi na dama, mun wuce shi."

Ni ne yau nake ba surukina umarni, shi kuma yana bi kamar ɗan lakwal. Muka gangara fako. Ya sa giya ta biyu, ta uku, kansa a ɗan karkace yana sauraron injin, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashinmu.

"Akwai wani abu gabana?"

"Babu, Baba. Fili ne, Mushe ya kore komai."

"To, riƙe da kyau."

Ya sauko giya ɗaya, ya karya bolan hagu, ya taka mata wuta. Gindin motar ya zame, duniya ta juya mini gefe, tsakuwa ta watsu, na saki salati da ƙarfi ina riƙe da ƙofa. Shi kuwa hannunsa ya riga ya koma dama, a hankali, ba gaggawa, ya tare ta ya miƙar da ita kamar ba abin da ya faru. Sai na ji yana dariya. Ban taɓa jin irin dariyar nan a bakinsa ba, ko kafin in zama surukinsa. Ya sake yi ta dama. Ya sake ta hagu, wannan karon ya bar ta ta daɗe tana tafiya a karkace kafin ya kama ta. Can nesa na hango Mushe ya yar da mobilet yana tsalle da hannu sama.

"Gaskiya sunka faɗi," in ji Baba. "Wallahi gaskiya sunka faɗi."

Ya tsayar da ita a tsakiyar fako ya kashe. Muka zauna, ƙura tana sauka a kan gilashi, injin yana ƴan ƙananan ƙara na hucewa. Hannunsa biyu suna kan bolan bai saki ba. Can ya ce, a hankali, "Wane launi gare ta?"

Shekaru muna zagaye maganar idon nan, shi da mu duka, ga shi ya faɗe ta da kansa.

"Ja ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo da fuskarsa gare ni sosai, ya buɗe idanun, ya ce, "To, na gwada. Yanzu duba."

Na ciro fitilar. Na kama haɓarsa, na ga furfurar da ta cika gemunsa wadda ban san da ita ba, na haska na dama, na haska na hagu. Ƙwayar idon ko motsi ba ta yi da hasken ba. Na daɗe ina dubawa, ba don ina neman wani abu ba, don dai kada in yi magana. Da na yi wannan shekara uku baya, da yau shi ya faɗa mini launin motar. Har gobe in na tuna sai in ji kunyar da ta hana ni a da ba komai ba ce kusa da wadda na ji a kujerar nan.

"Baba," na ce, "mun makara."

"Na sani," in ji shi. Ya murza makulli, injin ya tashi. "Gaya mani inda gari yake, mai mota na jira."

"Dama, Baba. A hankali."